Jar Kurwa a Bangon Ɗakinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwar da ta haife ta, ina roƙon Allah ya sa kina kwance cikin haske da sanyi. Na san ba ke za ki karanta wannan ba, masu bina a waya ne za su karanta. Su yi haƙuri, ba da su nake ba. Saƙo aka ba ni in kai miki, kuma ban san wata hanyar ba.

Bari in fara da labarin gida. Na samu aiki, Inna. Amsa kiran mutane ne ta kwamfuta, ina zaune a ɗaki. Sharaɗinsu ɗaya, intanet mai ƙarfi wanda ba ya yankewa. In babu, sai in bar Yawunde in koma ofishinsu a birnin Duwala. Ke kuwa kin san ba zan iya barin Baba ba. Tun rasuwarki mantuwa ta kama shi, yau ya san ni, gobe ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Gidan nan kaɗai ne bai ɓace masa ba. Ya san inda butarsa take, ya san hanya daga tabarmarsa zuwa masallaci. Likita ya ja mini kunne kada in kuskura in sauya masa wurin zama. Shi ya sa na nemi a jawo mana fibar, wata siririyar waya da ake ɗaurowa daga poton bakin layi, wato sandar wutar lantarki, ta biyo ta sama ta shigo ɗaki.

Mai aikin ya zo dubawa ranar Talata, da 'yar rigarsa mai ƙyalli da abin awo a hannu. Mutum ne mai fara'a, ban ga laifinsa ba. Ya auna daga poto zuwa bango, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa. Ya ce kafin su dawo in sa a sare reshen bishiyar piyarki da ya tare hanya, in kwance igiyoyin shanya, in janye kwabarki daga jikin bangon da za su huda. Sannan ya ciro jan fenti, ya miƙa hannu gefen tagarki ya ja layi biyu, ɗaya ya gitta ɗaya, ya ce nan za su maƙala wayar.

Baba yana zaune a bakin zaure yana kallo. Ni a lokacin ban ma lura ba, hankalina yana kan inda zan ajiye tebur. Sai da mutumin ya tafi na juyo na ga fuskar Baba, gabana ya faɗi.

Inna, kin tuna gidanmu na farko, na can gangaren rafi? Haka masu rusau suka zo, da abin awo da jan fenti. Abin da ake kira croix da Faransanci, bakinmu ya mayar da shi kurwa. Duk gidan da aka sa wa jar kurwa ya san katafila na tafe. Ke ce kike cewa, "Sun bar tasu kurwar a bango, sun tafi da tamu."

Ina 'yar ƙarama, amma ban manta ba. Maza suna kan rufi suna ɓamɓare kwano, wasu suna cire ƙofofi da tagogi don kada a haɗa da su. Ke kuwa kika zauna a bakin gadonki kika ce babu inda za ki. Ƙasa tana rawa, Baba yana tsaye a bakin ɗakin da babu ƙofa yana ta kira, "Hauwa, ki fito! Don girman Allah ki fito!" Daga ƙarshe kika fito da tukunyarki a ka, ni kuma a hannunki.

Na durƙusa gaban Baba na yi masa bayani har bakina ya bushe. Na ce waya ce, Baba, wayar intanet, babu mai taɓa mana gida. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Haka suke cewa."

Daga nan duk abin da na yi sai ya zama shaida a kaina. Malam Bello tela, maƙwabcinmu, ya zo da adda ya sauke reshen piya, Baba ya ce an fara share wa katafila hanya. Na kwance igiyoyin shanya, ya ce in naɗe su da kyau, za mu ɗaure kaya da su. Muka janye kwabarki, ƙamshin turarenki ya tashi daga zannuwanki har sai da na zauna a ƙasa. Kafin in share hawayena Baba ya kawo buhuna ya fara zuba su a ciki.

Na ɗauki soso da sabulu na hau kujera na dirji bangon nan har yatsuna suka saɓule. Inna, fentin nan ɗan banza ne. Maimakon ya fita sai ya bazu. Na shafa farar ƙasa a kai, aka yi ruwan la'asar, kurwar ta sake fitowa jawur kamar yanzu aka zana ta.

Kuma ba Baba kaɗai ba ne. Kin san unguwarmu ta Birketeri, magana ba ta kwana a ɗaki ɗaya. A bakin famfo mata suka yi shiru da na iso, wata ta jawo ni gefe ta ce, "Habiba, ku ma? Layin namu duka ne?" Na yi rantsuwa, na nuna musu hoton wayar, suka ce to, Allah ya sa. Amma na gan su suna komawa gida kowace tana duba bangonta. Ni kaina, wallahi, in na ji ƙarar babbar mota daga wajen unguwar Ekudu sai na tsaya na kasa kunne.

Jiya na fita kasuwar Mokolo sayen wurin jona wuta, saboda sun ce sai akwai shi kusa da inda za su kafa akwatinsu na intanet. Ban daɗe ba. Ina shigowa na tarar da ƙofar ɗakinki jingine da gindin piya. Baba ne ya cire ta shi kaɗai. Mutumin da sai na taya shi sa maɓallin riga, shi ne ya tuna yadda ake kwance ƙofa, ya tattara ƙusoshin ya ƙulle a hankicinsa. Hannayensa duk jini. Ga tsanin Malam Bello kafe a jikin bango, takalmin Baba ɗaya a ƙarƙashinsa. Rufin ya nufa, ƙafarsa ce ta ƙi. Da ta yarda, ban san wace wasiƙa zan rubuta miki yau ba.

Na yi faɗa, Inna, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi a gabanki ba. Bai ko kalle ni ba. Ya riga ya kai wa Malam Bello wuƙaƙensa na suya ajiya, waɗanda ya yi ta yawo da su tsakanin nan da mahautar Etudi tun kafin a haife ni. Abinci kuwa ya daina ci. Ya ce ba a ɗora tukunya a gidan da aka sa wa kurwa.

Yau da sassafe na kira masu aikin na roƙe su su ɗaga ranar. Suka ce gobe da safe ne ranarmu, in ta wuce sai mu koma ƙarshen layi, ni kuma Litinin zan fara aiki. In na bar su suka zo, ban san abin da ƙarar injin huda bango za ta yi wa zuciyarsa ba. In na hana su, Duwala ce, ko dai in bar shi, ko in ɗauke shi daga gidan da shi kaɗai ya rage masa. Tsoro nake ji, Inna. Ban taɓa jin irinsa ba.

Yau da hantsi na same shi a ɗakinki, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a bakin gadonki daidai ƙarƙashin inda za su huda. Na ce ya taso mu koma zaure. Ya ce, "Habiba, je ki ce wa uwarki ta fito. Ba zan fita in bar ta ba." Na ce Baba, ai Inna ta riga ta fita. Ya dube ni kamar na raina masa hankali, ya ce, "Ta ina? Ni na cire ƙofar da hannuna, ban ga wucewarta ba."

Har yanzu yana can. Na shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin, nan zan zauna in sun zo, in riƙe masa hannu.

To, Innata, ga saƙon mijinki na isar. Wancan karon shi ya kira ki, kika fito. Wannan karon ina roƙon Allah ya nuna masa ke a mafarki, ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, gida na nan, waya ce kawai. Ke kaɗai zai yarda da maganarki. Sai dai don Allah, in kin zo, ki tsaya daga bakin ƙofa. Kada ki miƙa masa hannu, kada ki ce ya taso. Na san shi, in ke kika ce ya taso, zai bi ki, ni kuma ban shirya ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya yalwata makwancinki. Allah ya bar mana rufin nan a kanmu, ya bar mini mai zama a ƙarƙashinsa. Amin.

'Yarki da ke tsare miki ɗaki,
Habiba
Birketeri, Yawunde