Masu Kiran Wayar Almu

Kebbe, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Najiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida Tambuwal. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah shi jiƙan yayanki, shi sa ya huta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda hannun Mannir direba. Wayata ta faɗa randa tun kwanakin zaman makoki. Ta yayanki kuwa ba ni son taɓa ta, kuma ita ce dalilin wanga rubutu.

Najiba, wayar nan ba ta bar ƙara ba. Ina tsakar tuƙa tuwo sai ta ɗauka. In na amsa, sai in ji murya daga wata ruga tana kiran sunanshi, wai shi zo shi duba maraƙi. In ce ya rasu. Wasu su yi salati su kashe. Wasu su ce, "Haba baiwar Allah, ga lambarshi nan ga shafin ƙungiya, yanzun nan anka karanto mini." Kullum sai na faɗi mutuwarshi da bakina, kamar ni anka ɗora wa shela, ga ni cikin takaba.

Ladan, wanda ƙungiyar makiyaya ta ba aikin allurar dabbobi a madadinshi, ya ce shafin ƙungiyar na intanet yana hannunki yanzu, tunda yayanki ya gina shi, kuma ke ya koya ma. Don Allah ki cire lambar.

Ki gaida Inna da kyau.

Matar yayanki,
Batula

*

Tambuwal, ranar Laraba

Anti Batula,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna na amsawa, ta ce ki daure ki riƙa cin abinci.

Takardarki ta girgiza ni, don a sanina na riga na cire lambar. Cikin rubutun manhajar da ke tafiyar da shafin akwai wuri guda da ake ajiye abubuwan da ba su canzawa, kamar sunan ƙungiya, sunan malamin dabbobi da lambarsa. Konstan muke ce musu. Tun ranar da Ladan ya kama aiki na canza su a can. Amma da na buɗe shafin jiya a ofis, sai ga "Malam Almu Kebbe" yana kallona, da lambarsa a ƙasa. Sai da na tashi na sha ruwa kafin na iya komawa kan kujera.

Ga abin da na gano. Shafin da mutane ke gani ƙwarangwal ne mai gurabe. Idan mutum ya buɗe, saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ita ke cike guraben kafin ta aika masa. Ashe gurbin lamba ba ya iya kaiwa inda konstan suke, ba a yi masa hanya ba. Shi kuma Yaya ya rubuta cewa idan an nema ba a samu ba, a sa tasa. To kullum nema ake ba a samu.

Na goge tasa na rubuta ta Ladan da hannu. Insha Allahu kin huta.

Ƙanwarki,
Najiba

*

Kebbe, ranar Lahadi

Najiba,

Sallama da gaisuwa. Ki yi mini uzuri, yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Wayar ba ta bari ba. Abin ma ya ƙaru.

Jiya da hantsi ina shanya wanki sai saƙo ya shigo. Na duba, ga abin da anka rubuta: "Lokacin allurar saniyarku ya yi. Ku kira ni. Almu." Najiba, cikin wayarshi, ga sunanshi. Na san saniyarmu ta gidan ga da lambarshi ya yi mata rajista, hankalina ya gaya mini haka. Amma nan na zauna ƙasa cikin ruwan wanki, har maƙwabciyata Mu'minatu ta shigo ta ɗaga ni.

Ba ni kaɗai ba ce. Rugage da yawa sun samu irinshi. Akwai wani tsoho, Baffa Attahiru, can wajen Dogon Daji. Saniyarshi na naƙuda, ɗan ya gitta. Ya kira na ce mishi an yi rasuwa. Ya ce, "Yarinya, ji tsoron Allah. Da safen ga ya aiko mini, ya ce in kira shi. In barci shika yi, tashe shi." Na ba shi lambar Ladan, ya ƙi karɓa, ya ce shi hannun mutum ɗaya ya sani. Ya yi ta kira har la'asar. Daga baya ɗanshi ya kira ya ce saniyar ta tafi da ita da abin cikinta.

Yanzu mata sun fara magana. Wai marigayi bai kwanta ba, wai akwai abin da shika nema. Wata ta kawo mini hayaƙi in turara ɗaki. Na san Musulmi ba ya faɗin haka, na kuma kore ta. Amma wallahi in wayar ta yi ƙara, sai in waiga ƙofa.

Kin ce kin gyara. Mi ya rage?

Batula

*

Tambuwal, ranar Talata

Anti Batula,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu. Na karanta wa Inna rabin takardarki, sauran na bari.

Yaya ya kwanta, Anti. Allah ya karɓi abinsa. Abin da ke yawo rubutu ne kawai.

Shafin farko kaɗai na gyara. Ashe ƙwarangwal ɗin suna da yawa: na saƙon tunatarwa daban, na katin allura daban, na shafin kowace ruga daban. Kowanne yana neman suna da lamba, bai samu, sai ya ɗauko na Yaya. Saƙonnin kuwa saba ce ke tura su da kanta duk lokacin da allura ta zagayo. Ita ba ta san an yi mutuwa ba.

Na ɗauki hutu a ofis na zauna kansa. A saman ƙwarangwal ɗin saƙon na tarar da ɗan bayanin da Yaya ya bar wa kansa, irin wanda mai rubuta manhaja kaɗai ke gani. Ya ce: "Wanga na ɗan lokaci ne, in an gama kaka ni gyara." Da irin maganarsa, har ina jin muryar. Na rufe kwamfutar na fita bakin titin Sakkwato, na tsaya ina kallon motoci kamar mai jiran wani.

Da na dawo na yi abin da ya so yi. Na buɗe hanya guda wadda ke miƙa konstan ga kowane ƙwarangwal kafin a cike shi, ta yadda duk za su sha daga rijiya ɗaya. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya ina goge sunansa. Na sa idan aka nema ba a samu ba, saƙon ya tsaya, ni a sanar da ni. Na gwada da wayata, sunan Ladan ya fito.

Bayanin nasa ban goge ba. Babu mai ganinsa sai ni.

Na roƙi Ladan ya je ya ga Baffa Attahiru da ƙafarsa. Ranar Juma'a saƙonnin wannan zagaye za su fita. Ki rubuto mini abin da ya biyo baya.

Allah ya ba mu haƙuri.

Taki,
Najiba

*

Kebbe, ranar Asabar

Ƙanwata,

Sallama. Ina lafiya, na ci abinci, ki gaya ma Inna.

Jiya wayar ta yi ƙara sau ɗaya, bayan an sauko Juma'a. Baffa Attahiru ne. Bai nemi kowa ba. Ya ce, "Ɗiyata, saƙo ya zo mini da sunan wani. Ashe da gaske ne." Ina jin kukan shanu bayanshi. Sannan ya yi mini ta'aziyya tun daga farko, kamar yau anka yi rasuwar, ya yi addu'a mai tsawo, ni kuwa ina amin.

Najiba, duk mutanen da na gaya ma ya rasu, ni ban yarda ba sai da tsohon nan ya gaya mini. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Tun daga nan ba ta sake ƙara ba. Gidan ya yi tsit ƙwarai. In kin samu dama ki zo ki kwana biyu.

Batula