Karkiyar da ka rataye, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin hutun Ubangiji. Yau Asabar, gari ya waye, ina zaune a bakin turke, hankalina ya ƙi kwanciya.

Jiya da la'asar aka yi ruwa a nan Mawashi, bayan sati uku na fari. Ka san jigawarmu, kwana ɗaya take riƙe laima. Wanda bai yi huɗa yau ba, geronsa sai yadda hali ya yi.

Ni na gama tawa tun kafin farin. Malam Sada maƙwabcinmu ne bai yi ba. Ɓarayi sun kore shanunsa da rani, kuma tsufa ya kama shi. Ɗazu na hango shi ya fito daga masallaci, ya saɓa garmar hannu ya nufi gona. Ya wuce ta ƙofar gidanmu, ya gaishe ni, ya kalli shanunka, ya ci gaba da tafiya. Shekara talatin yana maƙwabtaka da kai, ya san dokar gidan nan. Da ma ya roƙa na hana, da ya fi mini sauƙi.

Na tuna yadda abin ya faro. Da girmanka ka koyi karatu, ka bi dokokin Musa da yatsa har ka kai kan ranar hutu ta Asabar, ka ga an sa har dabba a ciki. Tun daga nan kowace Juma'a da yamma kake rataye karkiya a reshen tsamiya. Lahadi kuma kana gaba a coci. Mutanen Kankia suka sa maka suna Mai Lahadi Biyu, kai kuwa ko a jikinka.

Fasto ya yi ta zuwa yana nuna maka cewa Almasihu ya sauke mana wannan nauyi, shi kansa ya warkar da marasa lafiya ran Asabar. Kakan saurara har ya gama, ka ba shi ruwa, sannan ka ce, "Sa ma bawan Allah ne, a bar shi shi huta." Ranar da za ka tafi ma abin da ka ce mini ke nan, hannunka cikin nawa, kuma na amsa.

Baba, tsoro nake ji. Ina tsoron in karya maka alkawari ban cika shekara da binne ka ba. Ina tsoron Yaya Saratu ta ji, don ita ta riƙe Asabar ɗinka fiye da kai, kuma ba ta iya fushi kaɗan ba. Amma Malam Sada ne ya riƙe diga ranar da aka haƙa kabarinka, bai tambayi wace rana ce ba. Jikokinsa bakwai wannan geron suke jira.

Rana ta fara ɗagawa, ƙasa tana shan iska. Ba zan iya jiran amsarka ba. Na sauko da karkiyar, ga ta a kan cinyata, har yanzu da igiyar da ka ƙulla.

Allah ya ƙara maka hutu, ya ba mu damina mai albarka. In kuwa laifi ne, ya rubuta shi a kaina ni kaɗai, kada ya sa kai ko shanun a ciki.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Ishaku