Gilashin da Na Ƙi Karɓa

Zuwa ga Kawuna Idrisu, a Dapaong.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina neman gafararka a kan wannan ƙarfin hali. Ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba, sai waɗanda ake sa mu yi a lise, makarantarmu ta sakandare, don jarrabawa. Ka san ko a gabanka ba na iya haɗa kalma biyar. Amma na saɓa wa umarninka, kuma gara ka ji daga gare ni.

Matarka Tanti Rabi tana samun ƙarfi bayan haihuwa, Kaka ma lafiya. An yi suna, an sa wa ɗanka Musa. Saboda dokar hana taro, a ɗakin Kaka aka yi, ƙofa a rufe, taga a saye. Da na zo ɗaukar hoto, Kaka ta hana ni kunna filashin kyamara. Tun harbin da aka yi a unguwarmu ta Kpangalam, wanda ya sa masu kyamara irinka suka bar gari, ko walƙiya aka yi sai mata su kwanta a ƙasa.

Saƙonka ta bakin direba ya iso kafin sunan. Ka ce dogon gilashin da ke gaban kyamarar da ka bar mini ba ya gani a ɗaki mai duhu, in kai shi wurin mai rediyon bayan tasha a musanya mini da gajere. Ka ce tsohon gilashin da ke cikin gwangwani yana shan haske, amma ba ya daidaita kansa, kuma hannuna bai ƙware ba. Ba zan rubuta sunan mutumin ba, tunda takarda tana bi ta hannuwa da yawa. Ka dai san shi. Sahun gaba yake tsayawa ranar Juma'a.

Na tafi da abin da ka koya mini a shagonka lokacin hutu. Kana cewa, “Ƙaramar lamba, babbar ƙofar haske.” Kana kuma cewa, “Kada ki yarda da gilashi don ya shiga. Danna maɓalli rabi, ki kasa kunne.”

Na farkon da ya ba ni lambarsa huɗu, na mayar. Na biyu na wani kamfani ne, bakinsa bai dace da kyamarar ba, amma ya so ya murɗa shi da ƙarfi, har sai da na janye ta daga hannunsa. Na uku ya shiga, na danna rabi, shiru. Ya rantse mini cewa batir ne ya yi sanyi, alhali sabo na sa da safe.

Sai ya dube ni, ya tura ƙofa, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur.

Kawu, wannan na huɗun ba shi da aibi. Lambarsa ɗaya da ɗigo takwas. Ya zauna da ɗan ƙas, na danna rabi, ya yi gurnani ya juya da kansa. A cikin duhun shagon nan na ga komai tas, har jan goron da ya maƙale a haƙoran mutumin. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Da na zo rufe shi ne na lura da murfin. An huda gefensa, an ɗaure da baƙin zaren kitso don kada ya ɓata. Mutum ɗaya na sani mai yin haka a nan Sokodé: Misye Kosi, wanda ya koya maka wanke hoto, wanda matarsa ke yi mana kitson salla. Shi ne aka fasa wa shago a ranar kasuwa, aka karya masa hannu, ya kwashe iyalinsa ya koma kudu. Na leƙa kwalin. Murfi uku, zare uku.

Ban san inda na samo murya ba, na ce masa wannan kayan Misye Kosi ne. Ko kunya bai ji ba. Dariya ya yi, ya ce, “Ke 'yar lise, gilashi yana da ƙabila ne? Mai shi ya gudu, ni na ba shi masauki.” Ya ƙara da cewa zai sa mini a leda, in gaishe ka.

Wannan mutumin ya ci shinkafar Misye Kosi a kowace Kirsimeti. Hoton fasfonsa na zuwa Makka ma shi ya ɗauka masa. Na kwance gilashin na ajiye, na fito. A famfon masallaci na wanke hannuna da ƙasa. Na kasa yarda a ce fuskar ɗanka ta fara bi ta cikin wannan abin.

Don haka da tsohon na gwangwani na yi aiki. Na murɗa da hannu, Musa yana wutsil-wutsil, mata suna ce mini in yi sauri. Da aka wanke hotunan, duk sun fito dishi-dishi. Ɗaya ne mai dama-dama, shi na sa a cikin takardar nan. Hannun Kaka ya fito sarai, da kunnen yaron na hagu. Fuskarsa kuwa kamar ana kallonta ta cikin ruwa.

Na san abin da na hana ka. Ka yi ta jiran ganin fuskar nan, kuma suna ba ya maimaituwa. Ka yi haƙuri, Kawuna. Ka dubi kunnen da kyau, Kaka ta ce naka ne sak, har lanƙwasar sama.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya warkar da hannun Misye Kosi, Ya kwantar da ƙasar nan ka dawo ka ɗauki ɗanka da kanka. Ina koyon murɗawa kullum a kan kajin Kaka, su ma ba sa tsayawa. In ba ka yi fushi da ni ba, ka ba ni izini in sake rubuto maka ranar da na samu fuskarsa.

'Yarka,
Zuwaira