Teburin Yaƙi na Gidan Sharif

Jega, 6 ga Oktoba

Zuwa ga ƙannena biyu, Ya'ƙub a Aliero da Waliyyu a Maiyama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Kamar kullum, takarda ɗaya na rubuta na kwafe, don kada wani ya ce an fi ba wani labari.

Ga rahoton mako. Na buɗe ambulan ɗinku ranar Juma'a, na matsar da sojoji yadda kowa ya umarta, na auna tazara da tef ɗin tela. Dodannin Ya'ƙub sun hau gada. Maharban Waliyyu sun yi musu ruwan kibau daga kan tudu. Na jefa 'ya'yan lido, dodanni huɗu suka faɗi, sauran suka ja da baya. Gada dai har yanzu ba ta kowa ba ce.

Yanzu ga abin da ya sa na daɗe ban rufe takardar ba. Makon jiya na zame a tsakar gida, na yi kusan awa ɗaya a ƙasa kafin maƙwabciya ta leƙo. 'Yata Fadila ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Mama, wallahi ba ki koma kwana ke ɗai gidan ga." Ƙarshen Nuwamba za ta ɗauke ni zuwa Birnin Kebbi. Ɗaki ɗaya za ta ba ni, teburin yaƙi kuwa ba zai shiga ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan da marigayi mijina Sharif ya dawo daga kos ɗinsa na ƙasar waje da akwatin nan na sojojin dalma, kowane bai fi ɗan yatsa ba. Kun tuna yadda ya zauna da magagari yana goge musu fuska ɗaya-ɗaya, wai kada mala'iku su ƙaurace mana? Ku kuka yi masa tuddai da yumɓu, kuka yanka tsohon zanena shuɗi ya zama kogi. Duk Lahadi kuna nan, manya da gemu, kuna ihu a kan dodon dalma. Tun rasuwar Inna, shekara shida ke nan, ba ku sake tsayawa ɗaki ɗaya ba. Sharif ya ɓullo da dabarar aiko da umarni a rubuce, ya rasu ya bar mini ita.

Na gaji, ƙannena. Gwiwa ta gaji, ido ya gaji. Na ba ku mako shida ku ƙare yaƙinku. Abin da ke hana ni sukuni ɗaya ne: ranar da teburin nan ya tashi, ban san wani abu kuma da ya rage tsakaninku ba.

Ku huta lafiya.
Yayarku, Balaraba

Aliero, 9 ga Oktoba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah shi ƙara sauƙi. Don mi ba a kira ni ba ran da kinka faɗi? Sai a takarda zan ji, kamar baƙo?

Muna tsakiyar dashen albasa, bayana kamar ba nawa ba, don haka ba ni tsawaita magana. Mako shida ya yi min yawa. Ga umarni. Dodannina duka su koma kan gada, kada a bar ko ɗaya baya. Giwaye ukun nan su tsallaka kogi ta mashigin ƙasa, su zagayo tudu ta baya. Mayen nan mai sanda da na yi shekara biyu ina ɓoyonsa cikin daji, a fito da shi ya watsa wuta. Ba ajiya kuma.

Amma Yaya, ki riƙa girgiza 'ya'yan lidon nan da kyau. Ni ban taɓa ganin rashin sa'a irin tawa ba. Duk ran da na kai bakin nasara, sai ɗaya da ɗaya su fito min. Har yau ban manta Baƙin Maciji ba, mai fukafukai, wanda na yi wa fenti da hannuna kwana tara. Kinka ce wani maharbi guda ya same shi ga ido. Maciji da ba shi da ido! Ran nan ko tuwo ban ci ba.

Batun abin da ya rage tsakaninmu, ki bar shi. Ni ba ni gaba da kowa. Yaƙi nike yi da mutumin Maiyama, kuma duk mako takardata na farawa da sallama, in ya ga dama ya ɗauka tasa ce. Abu ɗaya na roƙe shi a rayuwata. Ina Yauri cikin motar albasa na ce ya jira ni awa biyu in ga fuskar Inna. Na iso na tarar an rufe ta, ana wanke hannu.

Na aiko miki da man zafi hannun direba. A gaida Fadila.

Ƙanenki, Ya'ƙub

Maiyama, 10 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu takardarki, kuma na yi matuƙar baƙin ciki da jin faɗuwar da kika yi. Shawarar Fadila daidai ce, ina goyon bayanta.

Umarnina na wannan mako shi ne maharba su tsaya inda suke, 'yan sulke su yi sahu biyu a gindin tudu, sarki kuma ya koma cikin ganuwa. Na san halin rundunar Aliero. In aka ce mata lokaci ya ƙure, gaba ɗaya take afkowa, giwaye kuma ta mashigin ƙasa za su biyo. A ajiye musu masu mashi a can.

Sai wata magana, kuma ina neman afuwa tun kafin in faɗe ta. Kin san aikin ofis ya saba mini da ajiye takarda. Rahotanninki duk suna cikin fayil. Da na ji yaƙin zai ƙare, sai na zauna na bi su daga farko. A zamanin Malam Sharif, gada takan yi wata uku a hannun mutum ɗaya, wani lokaci a kusa cinye ni, wani lokaci in kusa cinyewa. A shekara huɗun da kika karɓa kuwa, ba wanda ya taɓa riƙe ta fiye da mako uku. Sau bakwai aka kewaye sarkina, sau bakwai ya tsira. Sau bakwai ni ma na kai ƙofar sansaninsu, aka ce ruwa ya cika kogi ko sojojina sun tsorata.

Ba na zargin ki da son kai, domin ban ga wanda aka fifita ba. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ni dai ban taɓa ganin lido mai adalci haka ba.

Na gaji da yaƙin nan ni ma, Yaya. Amma ranar Juma'a in mota ta makara da rahoto, ba na iya zama.

Naki cikin girmamawa,
Waliyyu

Jega, 14 ga Oktoba

Ƙannena,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Wannan makon babu rahoto. Umarninku na karanta, amma ko soja ɗaya ban taɓa ba.

Waliyyu ya kama ni, dama na san mai fayil ne zai kama ni. To ku ji. 'Ya'yan lidon suna cikin gwangwanin madara a bayan kwanukana, shekara huɗu ban jefa su ba. Sau ɗaya tak na jefa da gaskiya, makon da na fita takaba. Shida da shida suka fito wa Ya'ƙub. A dokar Sharif, sarkin Waliyyu ya mutu ke nan, yaƙi ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Na daɗe zaune ina kallon su. Daga nan na ɗauki biro na rubuta muku cewa dokin sarki ya yi tuntuɓe, mashi ya wuce ta kansa.

Tun ranar ni ce sa'arku, ni ce rashin sa'arku. Ya'ƙub, ba maharbi ya kashe Baƙin Maciji ba, ni ce. Ya yi ƙarfi da yawa, da na bar shi mako biyu da ya gama da ƙanenka. Yana nan naɗe cikin tsumma, ko fukafukinsa bai karce ba. Ruwan da ke cika kogi duk ranar da Waliyyu ya kusa nasara, shi ma daga bakin birona yake zuba.

Na yi ƙarya kusan sau ɗari biyu, ni da na yi shekara talatin ina dukan 'yan makaranta a kan ƙarya. Duk Juma'a sai na yi istigfari kafin in liƙe ambulan. Na ɗauka in na ja yaƙin, wata rana ɗayanku zai gaji ya taka ƙafa ya je wurin ɗan'uwansa. Ashe gado na shimfiɗa muku. Kun samu hanyar jin motsin juna ba tare da kun dubi juna ba, kuka miƙe ƙafa.

Ba zan ƙara ba. Ba zan kuma jefa na gaskiya ba, don ba ni ce zan kashe wa ɗayanku sarki ba. In an zo ɗaukata teburin yana nan, sai dai masu shiga gidan su yi yadda suka ga dama da shi.

Ya'ƙub, akwai abin da ba ka sani ba game da ranar da aka rufe Inna. Ni na yi mata wanka, na sani, amma an roƙe ni in yi shiru. Ba a bakina za ka ji ba. Maiyama ba ta da nisa, biro kuma kana da shi.

Ku yafe mini.
Balaraba

Aliero, 20 ga Oktoba

Waliyyu,

Assalamu alaikum. Wannan taka ce, ba ta biyo ta Jega ba.

Kwana shida ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ka ga abin da Yaya ta yi muna. Shekara huɗu ina fasa kaina a kan yadda zan ci gadar nan, ina cikin gona ina zana mashigi da tsinke, ashe tsohuwa ce zaune tana raba muna daidai kamar masu rabon fura. Na yi fushi kwana biyu. Ran na uku na rasa wanda zan ba labarin ya gane. Duk Aliero ba wanda ya san Baƙin Maciji. Kai ɗai ka san shi, tunda kai ya ci wa mutane.

Ba sulhu na zo yi ba. Tambaya ce. Mi ya faru ran nan? Na ce awa biyu. Ba kwana biyu na ce ba. Shekara shida ina juya abin, amsa ɗaya nike samu, cewa ka raina ni, kai mai ofis, ni mai warin albasa. In akwai wata amsa, rubuto. Kada ka yi min Hausar ofis.

Ya'ƙub

Maiyama, 23 ga Oktoba

Yaya Ya'ƙub,

Wa alaikumus salam. Na gode da takarda. Zan faɗa yadda yake.

Na ce maka a waya Inna ta cika yanzu-yanzu. Ƙarya na yi.

Ranar nan matata ta tafi suna Mungadi da yara, gida ya rage daga ni sai Inna. Da safe na kai mata koko ƙofar ɗakinta, na yi sallama sau biyu, ba ta amsa ba. Na ce barcin bayan asuba ne. Na makara, ana jirana da wata takarda da yau ko abin da ke cikinta ban tuna ba. Labule kawai ke tsakanina da ita, Yaya. Ban ɗaga ba. Na ajiye kwanon na hau babur.

Sai bayan la'asar na dawo. Kokon yana inda na bar shi. Tana kan dardumarta, carbi a hannu. Ka tuna zafin watan Afrilun shekarar, ɗakin kuma na kwano ne. Ban sani ba ko ta riga ta tafi lokacin da na yi sallama, ko tana ji na ta kasa amsawa. Wannan ba zan taɓa sani ba.

Yaya Balaraba ta iso ta shiga da mata biyu. Da ta fito sai ta ja ni gefe ta ce, "Waliyyu, ba a jiran kowa. Ko kai ba ni bari ka koma ganin ta." Kana Yauri kana roƙona, ina jin kukan injin motar, na ce maka liman ya ƙi jira. Liman bai ce komai ba.

Da a ce na gaya maka dalili, da sai ka tambaye ni tun yaushe, ni kuma in ce ban sani ba domin ban ɗaga labule ba. Na ga ya fi mini sauƙi ka ɗauke ni mai girman kai. Na bar ka da ciwon da ba naka ba shekara shida, ina aiko maka da maharba.

Ban raina ka ba. Tsoron idonka nake ji. Ba na neman ka yafe. Ka yi tambaya ne, kuma kana da hakkin amsa.

Ƙanenka,
Waliyyu

Aliero, 29 ga Oktoba

Waliyyu,

Assalamu alaikum. Na karanta. Sau uku.

Ban san ko na yafe ba. Na duba zuciyata, ba ta ce min komai ba tukuna, kuma ba ni yi maka ƙarya, ƙarya ta ishe mu gidan ga.

Na share rumfar bayan gidana. Asabar da hantsi ina zuwa Jega da mota. Teburin nan katakon maɗaci ne, ni ɗai ba ni iya ɗaga shi, bayana ya mutu.

Ka zo ka kama gefe ɗaya.

Yayanka,
Ya'ƙub