Kwalbar Mai a Buhun Littattafai

Gidan Na Allah, ta Korgom
Lahadi, 24 ga Agusta

Zuwa ga yayana Rayyanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da waɗanda kuke zaune tare a Yamai. Yaya karatu, yaya ruwa? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Hatsi ya fara fidda kai.

Yaya, ka yi haƙuri da jiya da ka kira na kasa magana. Kawu Almustapha ya miƙo mani salularshi a tsakar gida, kowa ya zuba mani ido, sai "to" da "na'am" kaɗai suka iya fita. Shi ya sa na rubuta a takarda, Kawu zai ɗauki hotonta ya tura maka. Shi ajami kaɗai yake karantawa, don haka zan saki jiki.

Na buɗe akwatin marigayi Baba kamar yadda ka ce. Littattafan nan masu zane-zane da ya sayo lokacin da yake cin rani a Abijan suna nan, su goma sha biyu, daga na ɗaya har na ƙarshe. Gara ba ta taɓa su ba, ashe ya jera ganyen dogon yaro a ƙarƙashinsu. Na zauna na buɗe na uku, inda yarinyar nan mai gyaran jirgin ƙasa ta shiga ƙarƙashin inji da fitila. Na tuna yadda Baba yake ɗora yatsa a kan maganar kowa yana juya mani ita da Hausa, yana sake murya in an zo wurin tsohon direba. Na daɗe ban rufe ba.

Na rubuta sharuɗɗan matar nan ta Dakar da ta ga tallarka a intanet take son sayensu, don kar in manta. Ba a lanƙwasa su, ba a naɗe su. Kowane ɗaya da ledarshi. Kwali mai kauri sama da ƙasa. Kar ruwa ko maiƙo ya taɓa su, kuma kar a ɗora masu kaya. Na kuma gane abin da ka ce, wai cikakken jeri take so, in ɗaya ya lalace tana iya fasa duka.

Da na gaya wa Inna, dariya ta yi, ta ce da irin takardar nan ake ƙunshe ƙosai a kasuwar Korgom, mutanen birni dai ba su rasa abin saye. Ni ban yi dariya ba. Na san da kuɗin nan ka ce za a sa ni kwaleji a Tasawa in an koma lakwal, wato makaranta, in zauna wurin Gwaggo Rashida. Shekara guda ke nan da na gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, ina gida. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma duk ranar da 'yan ajinmu suka wuce da jaka, ɗaki nake shiga.

Zan kula da su, in Allah Ya so. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Zalika


Gidan Na Allah
Alhamis, 28 ga Agusta

Yayana Rayyanu,

Ina gaisuwa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya. An yi ruwa shekaranjiya, kowa yana gona.

Na gama haɗa littattafan. Na samo kwalin sukari biyu a shagon bakin masallaci, na yanke su daidai girmansu. Na wanke hannu da sabulu kafin in taɓa kowane ɗaya. Leda sabuwa na sa, na ninke bakinta. Na ɗaure kwalin da tsumma mai laushi don kar igiya ta ci gefe. Da na gama na girgiza shi kusa da kunnena, ba abin da ya motsa. Na ji daɗi sosai.

Amma Yaya, akwai abin da ya faru, kuma laifina ne.

Tun da Inna ta ji za a kai maka saƙo, ta sauke sauran gujiyar bara, wadda ta ce ba mai taɓa ta sai kaka. Kwana biyu tana aiki, da ƙafar nan tata. Ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli irin sirara da kake so, masu tattasai. Man kuma ta cika kwalba da shi, ta toshe bakin da leda ta ɗaure da zare. Ta ce ɗanta yana can wata bakwai yana cin shinkafar kanti, in mota ta tashi daga garinsu ta kai mashi takarda tsura, me abokan zamanshi za su ce, ba shi da uwa?

Ɗazu da hantsi ta ɗauko buhu. Ta sa kwalina a ƙasa, ta ɗora ƙuli-ƙuli, ta cusa kwalbar a gefe. Ta ce ƙunshi ɗaya ya fi, in sun zama biyu ɗaya zai ɓata a hanya, kuma 'yan tasha su caje mu sau biyu. Sannan ta ce in riƙe mata bakin buhun. Na riƙe, Yaya. Tana ɗinki da basilla tana yi maka addu'a, ni ina kallon inda kwalbar ta turo. Maganar tana nan a bakina. Na ce bari ta kai tsakiya in faɗa. Ta kai tsakiya. Na ce bari ta kai ƙarshe. Ta ƙulle zaren ta cije shi, ta ce, "Ko ɓarawo sai ya yi gumi."

Yaya zan ce wa Inna aikin kwana biyunta ne zai ɓata kaya? Ban taɓa ce mata a'a ba tun da aka haife ni. Kai ka iya, kana faɗa kana dariya har ita ma ta yi dariya. Ni in na buɗe baki sai in ji kamar rashin kunya zan yi.

Gobe Mutari mai babur ɗin kabu-kabu zai kai ni Tasawa da buhun, tunda ka ce in je da kaina in karɓo takardar shaida in ga inda za a ajiye shi. Wataƙila kwalbar ba za ta zuba ba. Inna ta iya ɗauri. Ka taya ni addu'a.

Taka,
Zalika


Gidan Na Allah
Asabar, 30 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ka. Ina fatan ka je tasha ka karɓi kayan. Kafin ka ƙirga su ka tsorata, bari in gaya maka: goma sha ɗaya ne. Na goma sha biyu yana wurina.

Hanya ta lalace da ruwa. Mutari ya ɗaure buhun a bayana, duk ramin da muka faɗa sai in tuna da kwalbar. Sau biyu muka sauka muka tura babur cikin yashi. Da muka isa tashar Tasawa rana ta yi zafi. Ya sauke buhun, sai na ga gefe ɗaya ya yi duhu, faɗin tafin hannu. Na shafa na sansana. Mai ne.

Tashar cike take da mutane. Mai karɓar saƙo, wani dattijo mai tabarau, ya riga ya ɗauki alƙalami zai rubuta sunanka a jikin buhun. Na san in ya rubuta aka jefa shi cikin mota, sai ya kwana yana tsotsar mai har Yamai. Ban san lokacin da na ce ya dakata ba. Bai ji ba. Mutari ne ya ce, "Malam, ɗiyar nan magana take." Kowa ya juyo. Na ce a ara mani reza.

Na tsuguna a gaban mutane na farke ɗinkin Inna. Wata mata tana cewa, ji yarinya za ta ci tsarabar mutane tun ba a tashi ba. Ban ɗaga kai ba. Ledar bakin kwalbar ta zame, kusan kashi ɗaya cikin uku ya zube. Man ya bi kusurwar kwalin ya shiga ta inda na ninke leda. Na fiddo su ɗaya bayan ɗaya a kan ɗankwalina. Goma sha ɗaya lafiya lau. Na ƙarshe, da yake shi ne a ƙasa, ya sha mai a kusurwa, bangon baya da shafi shida. Ana karanta komai, amma takardar ta yi haske kamar an jiƙa ta, kuma na san ba ta komawa.

Dattijon ya tambaye ni mene ne, na gaya mashi a hankali. Ya ba ni sabon kwali, ya taya ni ɗaurewa, ya ce wannan kusa da direba za a ajiye shi. Ƙuli-ƙulin da sauran man ya mayar cikin buhu, ya ce su tafi ƙasan mota, duka a takarda ɗaya, ba ƙarin ko sisi. Ya ce, "Kullum haka muke yi, ɗiyata. Tambaya kawai ake." Wannan maganar ta fi man ciwo.

Na riƙe na goma sha biyun don ban so matar ta buɗe ta gan shi ba tare da an gaya mata ba. Kawu zai tura maka hoton tabon. Don Allah ka nuna mata kamar yadda yake, kar ka rage. In ta fasa, ta fasa. Na yi ta tunani a bayan babur, na ga ko da an ɓoye, a hannunta zai ƙare.

Inna ba ta sani ba. Na shigo da shi cikin zane na tura ƙarƙashin katifa. Ta tambaye ni ko kaya sun tafi lafiya, na ce sun tafi. Ka ci ƙuli-ƙulin, don Allah, ka kira ta ka ce ya yi daɗi. Wannan ba ƙarya ba ce, na ɗanɗana ɗaya.

Ka yafe mani.

Zalika


Gidan Na Allah
Talata, 9 ga Satumba

Zuwa ga yayana Rayyanu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya karatu? Mu nan sai godiya. Wake ya yi fure, Kawu ya ce bana sai dai a nemi masu tsinka.

Kawu ya kunna mani saƙonka sau uku. Na gode da ba ka yi faɗa ba. Na kuma ji abin da matar ta ce: ta ga hoton, tana son na goma sha biyun duk da tabon, za ta rage wani abu amma ba ta fasa ba, kuma abin da ya saura zai isa a sa ni lakwal. Sai da na fita bayan rumbu na zauna.

Amma kafin saƙonka ya zo na riga na gaya wa Inna. Kwana biyar na yi ina ɗauke da abin, abinci ba ya shiga. Ranar Laraba muna tsince yakuwa a inuwa, sai na tashi na ɗauko littafin na ajiye a gabanta. Na faɗi komai, tun daga sharaɗin matar har reza. Ban dube ta ba.

Ta ɗauke shi ta juya, ta kai kusurwar ga hanci ta sansana. Na zaci kuka za ta yi, ko ta ce na kunyata ta a tasha. Sai ta ce, "Kin sani tun ina ɗinki?" Na ce e. Ta ce, "Kika riƙe mani bakin buhu ina ɗinke makarantarki da hannuna?" Na ce kunya na ji. Ta ce, "Zalika, ni ban san takarda ba. Ke kika sani. In wanda ya sani ya yi shiru, wanda bai sani ba wa zai tambaya?" Daga nan ta ci gaba da tsinkar yakuwa. Ni ma na ci gaba. Da la'asar ita ta zuba mani tuwo, ta tsaya har na cinye.

Na daɗe ina tunanin abin. Ni a ganina ladabi nake yi mata. Ashe barin ta na yi ta yi ɓarnar da in ta sani ba za ta yi ba, kuma da matar ta fasa, ita za ta riƙa ɗaukar nauyin a ranta.

Yau da safe muka haɗa na goma sha biyun, Mutari zai kai shi tasha gobe. Inna ta wanke hannu da sabulu sau biyu, ta nuna mani su gaba da baya, ta ce, "An yarda, madam?" Ita ta danne kwalin ina ɗaurewa. Da muka gama ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin busasshen zogale. Ta ce wannan ba mai, ba ruwa, ba nauyi, a ɗan cusa maka shi a gefe. Ta tsaya tana kallona.

Na ce, "A'a, Inna. Shi kaɗai zai tafi."

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har Kawu ya leƙo ta katanga. Inna ta auna ƙullin a hannunta, ta ce to. Ta wuce ta buɗe tsohuwar jakata ta lakwal da ke rataye a ƙusa, ta sa shi ciki, ta ce in na isa Tasawa in ba Gwaggo Rashida, kar a ce ta aiko ɗiya hannu sake.

Don haka zogale ba naka ba ne, Yaya, ka yi haƙuri. Inna tana gaishe ka, Kawu ma haka. Allah Ya bar mu tare.

Ƙanwarka,
Zalika