Yaren Kaka

Saint-Paul, Tsibirin Burbon
Yuni, 1729

Yayana Mathurin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ranar Pondicheri, can Indiya, ba ta ƙarasa cinye sauran gashin kanka ba, kuma tarin nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Idan ka dawo ba za ka gane gida ba. Kamfanin da ke mulkin tsibirin nan ya ce duk mai gona ya dasa gahawa, ko a karɓe filin a ba wani. Maigidana Hervé ya kawar da masarar da Baba ya bari, har da ayabar bakin rafi. Kaka ta tauna ƙwayar gahawa ɗaya ta tofar, ta ce masa, "Kai angon jikata, da wannan waken da ba ya miya za ka ciyar da mu?" Ya ce, "Kaka, a Faransa da cokalin azurfa ake motsa ruwansa." Ta ce, "To su zo su noma abinsu mana."

Gahawa tana cin hannu, don haka Hervé ya sauka bakin teku ya sayo bayi daga jirgin Madagaska. Akwai wani dattijo Lambo, da wata budurwa Vola. Lokacin da aka shigo da su Kaka tana tsintar shinkafa a ƙofa. Vola ta faɗa wa dattijon wata magana ƙasa-ƙasa, sai faifan ya kuɓuce daga hannun Kaka. Ka san daga can Madagaska kakanmu ya auro ta tun tsibirin nan ba kowa sai kunkuru, amma ni ban taɓa jin ta yi yarensu ba. Ran nan na ji. Muryar ba tata ba ce, Yaya, kamar ta ƙaramar yarinya.

Ka aiko mini da atamfar Indiya mai shuɗi in ka sami jirgi.

Ƙanwarka,
Perrine

Saint-Paul
Satumba, 1733

Yaya Mathurin,

Bayan gaisuwa, ina fata kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka yafe mini daɗewar shiru.

Gahawa ta yi albarka. Mun sa gilashi a tagogi, kuma a coci yanzu bencinmu yana gaba. Ban san abin da ya sa nake fara ba ka wannan ba, don ba shi na zauna rubutawa ba.

Shekarun nan Kaka ta fi zama a bukkokin bayi fiye da cikin gida. Ashe garinsu ɗaya da Vola, kogi ɗaya suka sha. Tana yi mata kitso, tana ajiye mata ƙanzo. Da lokacin girbi ya zo, mai lura da gona ya yi wa Vola bulala a kan ta zubar da kwando, washegari aka neme ta aka rasa. Ta hau duwatsu wurin sauran gudaddu.

Kaka ta riƙe rigar Hervé ta ce, "Ɗana, ƙyale ta. Mutum ɗaya ce." Ya ce, "In na ƙyale ɗaya, kafin damina ni da ke za mu tsinke gahawar nan." Ya ɗauki bindiga ya bi masu farautar gudaddu.

Ka san dokar: gudajjen bawan da aka kashe a dutse, hannunsa ake kawowa shaida. Da tsakar rana suka dawo, ba Vola tare da su. Na ga Hervé a bakin rijiya yana wanke jakarsa, yana ta wankewa, Kaka tana tsaye a bayansa. Ba ta yi kuka ba.

Tun ranar ba ta sake furta kalmar Faransanci ba. Ina kiranta ta dube ni kamar baƙuwa. Hervé ya ce tsufa ne. Shi kuwa ba ya iya cin nama yanzu, amma ba ma maganar.

Ka sa mu a addu'a.

Perrine

Saint-Paul
Fabrairu, 1734

Yayana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya. Kaka ta rasu ranar Lahadi da hantsi, hannunta a cikin nawa. Mun binne ta kusa da kakanmu.

Kafin ta cika ta buɗe ido ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ni da Hervé da yaran, ta faɗi wata magana cikin yarensu, ta maimaita. Na ɗauka albarka take sa mana. Na haddace kalmomin, na yi ta juya su a bakina ina shanya, ina girki, har ƙaramar 'yata Jeanne ta kama su tana rerawa tana tsalle a tsakar gida.

Jiya na sami dattijo Lambo yana baza gahawa a rana. Na faɗa masa kalmomin yadda na ji su, na ce ya fassara. Ya ce, "Uwargida, bar shi." Na ce umarni ne. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Tambaya ta yi. Ta ce, su wane ne waɗannan mutanen, kuma wa ya sayar da ni gare su?"

Na hana Jeanne waƙar, amma ba ta san dalili ba, ta ci gaba. Yanzu haka ina jin ta a bayan taga.

Ka gaida matarka da yara. Idan kana da hali ka zo, ko na wata ɗaya ne.

Taka har kullum,
Perrine