Gadona a Shafin Dogo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Inna na gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi. Na rubuto ne don a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Ranar Talata da safe ina goge ƙafar tebur a ƙofar shago, wata mata ta tsayar da mota daidai gabana. Ta fito tana duban waya tana duban shaguna. Ta gifta ta gefena har na hango hoton da take kallo. Gadona ne, wanda na yi wa zanen ganye a kai. Na miƙe ina karkaɗe garin katako daga riga, sai ta tsallaka titi ta shige shagon Dogo mai labule.

Da rana na rubuta "gadon katako" a injin bincike. Shafin Dogo ne na biyu. Mutumin da bai taɓa riƙe zarto ba! Nawa kuwa sai da yatsana ya gaji da ja kafin ya fito.

Ke kika buɗe mana shafukan intanet ɗin nan, kika ce ni da shi kowa ya sa mahaɗin ɗan'uwansa a nasa, wato wurin da ake dannawa a shiga shafin ɗayan, don wanda ya sayi gado zai so labule. Na yarda, har na bar shi ya ɗauki hoton gadajena da labulensa a baya. Yanzu mai gyaran waya ya ce a irin wannan musaya shafi mai ƙarfi ne ke tsotse marar ƙarfi. Don Allah ki cire min mahaɗin Dogo.

Ki gaida yara.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Ka ce wa Inna ta daina ɓoye magani a ƙarƙashin filo, na sani.

Mai gyaran waya ya tsaya kan batirinsa. Mahaɗi ɗaya tsakanin kafinta da mai labule ba ya tsotse kowa, kuma ba shi ya ɗaga Dogo ba. Dogo kullum sai ya ɗora sabon hoto, ya rubuta tsawo da faɗi da launi, har gadon naka ya yi wa bayani. Kai fa? Hotunan bara ne har yau, ɗaya ma babban yatsanka ya rufe rabinsa.

Na duba, yawancin masu leƙa shafinka ta wurin Dogo suke shigowa. Ba zan cire ba. Tun kuna yawo ba wando kuke tare, yau ka zo kana hararar sa saboda mace ta tsallaka titi. Ka sha ruwan sanyi.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, na karanta, na gode da zagi.

Na yi haƙuri har watan ya ƙare. Ina zaune ina kallon motoci na tsayawa a ƙofarsa. Ya sa sabon allo mai fitila, ya canza takalmi, yana ɗago min hannu daga nesa kamar mai neman ƙuri'a. Sai na kai wa mai gyaran waya lambar sirrin da kika ba ni, ya cire mahaɗin. Ya ce in dai musaya ce ta ɗaga Dogo, to mu yi ta da yawa. Muka yi da mai aski, da mai kifi, da wani mai maganin sanƙo, da wasu shafuka da ban ma iya karanta yarensu ba. Duk sun sa nawa, na sa nasu.

Yaya, yanzu ko na ja har ƙasa ba na ganin kaina. Dogo yana nan inda yake. Kuma bai cire nawa ba, ina dubawa kowace safiya. Da ya cire da na ji sanyi.

Ki taimaka.
Auta

*

Auta,

Lafiya lau, sai ciwon kan da ka sa min. Maganin sanƙo! Injin bincike ya ga kafinta yana nuna mai kifi, mai kifi yana nuna kafinta, ya gane haɗin baki ne, ya tura ka baya. Na share su duka, na canza lambar sirri. Shafin zai dawo a hankali, ba gobe ba.

Na kira Dogo. Ya ce matar nan labule kawai ta zo nema, ko sunan gado ba ta ambata ba. Ya ce ka daina amsa gaisuwarsa, abin yana damunsa. Ka tabbata gadonka ka gani, ba kishi ne ya zana maka shi ba? Ka ce in mayar da mahaɗin, magana ta mutu.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gode da shara.

Kar ki mayar tukuna. Akwai abin da na rage a wasiƙar farko, don na san yadda kike ji da Dogo. Da matar ta fito, Dogo ya rako ta bakin ƙofa, ta sake nuna masa wayar. Ina tsaye ina jiran ya nuno ni. Ya ɗaga hannu, ya nuna mata ƙarshen layi, inda ƙanin matarsa ya buɗe sabon shagon kafinta. Can ta tafi.

Ranar da ya tsallako ya faɗa min gaskiya da bakinsa, ki mayar. Ki gaida maigidan.

Ba ni kaɗai na gani ba. Mai faci yana wurin, ya daina buga taya. Mai aski yana bakin ƙofa da almakashi a hannu. Har matar Dogo, da ta kawo masa abin karin kumallo, ta dube ni ta sunkuyar da kai.

Auta